Hatsabibin Jarumi a Mujallun Zane da Fina-finan Amurka: Tarihinsa da Yadda Masana Suka Nazarce Shi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Yamai ko Damagaram ko Kano ya san tambayar da yara kan fara yi da zarar an sa fim: wane ne jarumin, wane ne kuma bos? To, a cikin shekaru ashirin da ƴan kai da suka wuce, wani irin jarumi ya mamaye kasuwar fina-finan duniya, har ta kai hotonsa yana jikin jakar makarantar yaranmu da rigunan gwanjon da ake kasawa a kasuwanninmu. Shi ne jarumin nan mai matsattsun kaya da alkyabba, wanda kan rufe fuska, ya yi tsalle daga wannan bene zuwa wancan, ko ya tashi sama kamar shaho. Superman da Batman da Spider-Man su ne fitattu daga cikinsu.

Wasu ɗalibai za su ce ai wannan shirmen yara ne, me ya kawo shi cikin darasin adabi? Ni ma haka na ɗauka, sai da na je karatu waje na tarar da malamai masu furfura sun duƙufa a kan waɗannan mujallu kamar yadda muke duƙufa a kan waƙoƙin ƙarni na 19. Wannan takarda za ta bi tarihin wannan jarumi tun daga 1938, ta kawo abin da masana suka ce a kansa, sannan ta duba yadda ya iso Afirka. Tambayar da za ta riƙa bin mu ita ce: wa wannan jarumi yake karewa, kuma daga wa?

2.0 Suna da Ma'ana

Amurkawa suna da kalma guda da suke kiran irin wannan jarumi da ita, har kamfanonin Marvel da DC suka yi mata rajista tare a matsayin tambarin kasuwancinsu, sai a 2024 hukuma ta soke rajistar. A Hausa muna da jarumi da sadauki da gwarzo da barde, amma duk waɗannan mutane ne kamar kowa, ƙarfin zuciya kawai suka fi mu. Saboda haka a nan na zaɓi in kira shi hatsabibin jarumi, domin hatsabibi shi ne wanda yake yin abin da ya fi ƙarfin hankali.

Masani Peter Coogan, a littafinsa na 2006, ya ce abubuwa uku ne suke haɗuwa su samar da irin wannan jarumi. Na farko manufa, wato ya sadaukar da kansa ga taimakon jama'a ba don neman lada ba. Na biyu baiwa, ko ta jiki ko ta ilimi da na'urori. Na uku kuma suna da shiga na musamman waɗanda suke ɓoye ainihin mutumin. Abin sha'awa shi ne Coogan ya tsamo waɗannan abubuwa ne daga hukuncin wata kotu a 1940, lokacin da masu Superman suka kai ƙarar wani kamfani da ya fito da kwaikwayonsa mai suna Wonder Man. Ke nan tun kafin malaman jami'a su ba shi ma'ana, alƙalai sun riga su, kuma a kan rigimar kuɗi.

Idan muka auna jaruman adabinmu da wannan ma'auni, za mu ga biyu sun zo daidai, ɗaya ya saɓa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Ganɗoki na Bello Kagara suna da manufa, suna da ƙarfin da ya wuce na mutane, kuma al'adarmu ta san tauri da sagau da layar zana. Sai dai jarumin Bahaushe ba ya ɓoye kansa. Kafin ya kai sara sai ya yi kirari, ya faɗi sunansa da na ubansa, domin a san wanda ya yi aikin. Shi kuwa na Amurka, da rana ɗan jarida ne mai tabarau da rawar jiki, abokan aikinsa ma raina shi suke yi. Jules Feiffer ya lura tun 1965 cewa a wajen Superman abin a juye yake: Superman shi ne na gaskiya, Clark Kent ɗan jarida shi ne shigar burtun.

3.0 Haihuwa a Cikin Fatara da Yaƙi

Superman ya fara fitowa a mujallar Action Comics ta ɗaya, mai ɗauke da watan Yuni na 1938, ana sayar da ita santi 10. Waɗanda suka ƙirƙiro shi samari ne biyu daga birnin Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, dukkansu ƴaƴan Yahudawan da suka yi ƙaura daga Turai. Sun daɗe suna yawo da labarin ba mai saye, da suka sami mai so sai suka sayar da shi ɗungurungum, shafi 13 tare da haƙƙin mallaka, a kan dala 130. A 2024 an sayar da kwafi guda na wannan mujalla a kan dala miliyan 6.

Wajibi ne a tuna halin da Amurka take ciki a lokacin. Tattalin arzikinta ya karye tun 1929, kuma a 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aikin yi. Superman na farko ɗan wannan zamani ne, kuma wanda ya san shi a fim kawai zai yi mamakin halinsa. Ba ya tashi sama, tsalle yake yi. A labarin farko ya fasa ƙofar gidan gwamna da dare domin ya ceci wata mata da za a kashe bisa zalunci, ya lakaɗa wa wani mai dukan matarsa duka, sannan ya bi sawun wani dillali mai ba ɗan majalisa toshiyar baki. A fitowa ta 3 ya yaudari mai wata mahaƙa ya shigar da shi cikin raminsa domin ya ɗanɗani abin da leburorinsa suke sha. A fitowa ta 8 ya rushe wata unguwar marasa galihu da hannunsa don ya tilasta wa gwamnati ta gina musu gidajen kirki, ƴan sanda da sojoji suna farautarsa. Wato abokan gabarsa na farko masu kuɗi ne da masu mulki.

Kasuwa ta buɗe nan da nan. Batman ya fito a 1939 daga hannun Bob Kane da Bill Finger, ko da yake sunan Finger bai fara fitowa a matsayin wanda ya yi tarayya a ƙirƙirar ba sai 2015, shekaru 41 bayan rasuwarsa. Wonder Woman ta biyo baya a ƙarshen 1941, ƙirƙirar wani masanin halayyar ɗan Adam, William Moulton Marston, wanda ya yi imani cewa mata ne suka fi cancanta da shugabancin duniya. Amma wanda ya fi nuna inda aka dosa shi ne Captain America na Joe Simon da Jack Kirby. Mujallarsa ta farko ta shiga kasuwa a Disamban 1940 da hotonsa yana naushin Hitler a muƙamuƙi, shekara guda kafin harin Pearl Harbor ya jefa Amurka cikin yaƙi, a lokacin da Amurkawa da dama ba sa son a shiga.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa wannan adabi riga da wando, ya kuma canza masa hali. Jarumin da ke kokawa da masu mulki ya koma mai tallata takardun lamunin yaƙi na gwamnati. An riƙa zana Japanawa da haƙora zaƙo-zaƙo da launin rawaya, baƙar fata kuwa in ya fito to abin dariya ne. A shirin rediyo na Superman, wanda aka fara a 1940, aka ƙara “tafarkin Amurka” cikin abubuwan da yake karewa, shirin talbijin na 1952 zuwa 1958 kuma ya kafe wannan take a zukatan yara. Adalci ne dai a faɗi cewa wannan shirin rediyo ya yi abin a yaba a 1946, da ya ware jerin labarai inda Superman ya yaƙi wata ƙungiya mai kama da Ku Klux Klan, masu ƙyamar baƙar fata.

4.0 Wertham da Dokar Tacewa

Nazari na farko mai tasiri da aka yi wa waɗannan mujallu na ƙiyayya ne. Bayan yaƙi kasuwar hatsabiban jarumai ta faɗi, labaran ta'addanci da na ban tsoro suka maye gurbinsu, iyaye da malaman coci suka tayar da jijiyar wuya, har aka riƙa tara mujallu ana cinna musu wuta a harabar wasu makarantu a 1948. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Jamus, Fredric Wertham, ya fitar da littafi mai suna Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa mujallun zane alhakin kangarewar yara. Ya ce Superman yana koya wa yara bautar ƙarfi irin ta ƴan Nazi, ya kuma yi zargin cewa zaman Batman da yaronsa Robin yana cusa sha'awar luwaɗi. A watan Afrilu na wannan shekara ya ba da shaida gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa a New York.

Kamfanoni suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa kafin gwamnati ta kafa musu. Dokokinta na Oktoban 1954 sun hana a nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta hanyar da za ta jawo masa raini, sun kuma wajabta cewa a kowane labari alheri ya rinjayi sharri. Mai karatu ya koma ya dubi labaran 1938 da aka kawo a sama: da wannan doka tana nan, da wuya su ga hasken rana. Hukumar ta rayu har 2011, ko da yake Marvel ta fice tun 2001.

Masoya mujallun zane sun mayar da Wertham dodo, kuma a 2012 Carol Tilley, bayan ta binciki takardunsa da ke ɗakin karatu na Majalisar Amurka, ta nuna cewa ya sassauya maganganun yaran da ya yi hira da su domin su dace da ra'ayinsa. Wannan laifi ne babba a wajen mai bincike, kuma darasi ne ga ɗaliban da ke fita aikin tattara bayanai. Duk da haka mutumin ba jahili ba ne. Shi ne ya buɗe asibitin ƙwaƙwalwa mai rahusa domin baƙar fata a unguwar Harlem a 1946, kuma shaidarsa a kan illar wariya ga yara ta shiga cikin shari'un da suka kai ga haramta wariyar launin fata a makarantu a 1954. Ƙorafinsa game da yadda ake zana baƙar fata a mujallun gaskiya ne, ko da hujjojinsa na sauran zarge-zargen sun rushe.

5.0 Zamanin Marvel

Farfaɗowar ta fara daga DC a 1956, amma wanda ya sauya fasalin abin shi ne kamfanin Marvel, ta hannun Stan Lee da masu zane Jack Kirby da Steve Ditko. Fantastic Four sun fito a 1961, Hulk da Spider-Man a 1962, Iron Man da X-Men a 1963. Kusan dukkansu ƴaƴan Yaƙin Cacar Baka ne. Fantastic Four sun sami baiwarsu ne garin gaggawar riga ƴan gurguzu zuwa sararin samaniya. Hulk masanin kimiyya ne da gwajin bam ya rutsa da shi. Spider-Man gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa ne ya cije shi. Iron Man kuwa attajiri ne mai ƙera makamai da aka kama a Biyetnam. Tsoron nukiliya da ya hana manya barci shi aka juya ya zama abin nishaɗin yara.

Sabon abin da Marvel ta kawo shi ne jarumi mai matsala. Spider-Man maraya ne da ke zaune da gwaggonsa, kuɗin haya yana gagararsa, jarida kullum tana zaginsa. Wannan ne ya jawo ɗaliban jami'a suka shiga sahun masu karatu. Akwai wata magana da ta yaɗu cewa tun farko an gina X-Men a kan gwagwarmayar baƙar fata, wai shugabansu shi ne Martin Luther King, abokin hamayyarsa Magneto kuma Malcolm X. A nawa ganin wannan fassara ce da aka yi daga baya. Labaran 1963 ba su nuna haka sosai ba. Marubuci Chris Claremont, wanda ya riƙe labarin daga 1975 zuwa 1991, shi ne ya zurfafa jigon wariya, shi ne kuma ya mayar da Magneto wanda ya tsira daga sansanin ƴan Nazi.

6.0 Ra'ayin Eco da na Jewett da Lawrence

Nazarin da har yau ba a wuce shi ba shi ne na Umberto Eco, masanin Italiya, wanda ya fito cikin littafinsa na 1964 aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1972. Eco ya fara da matsalar lokaci. Jarumin tatsuniya ko tarihihi labarinsa ya riga ya ƙare, kowa ya san ƙarshensa, daɗin yana cikin maimaitawa. Tauraron ƙagaggen labari kuwa yana tafiya gaba, yana tsufa, yana iya mutuwa. Superman yana so ya haɗa biyun: dole kowane wata a sami sabon labari domin a sayi mujalla, amma dole kada wani abu ya canza, domin duk canji taki ne zuwa ga tsufa da mutuwa. Saboda haka sai aka ajiye shi cikin wani lokaci mai kama da mafarki, inda jiya ba ta haifar da yau. Abin da ya faru bayan rubutun Eco ya ƙara gaskata shi. An kashe Superman a 1992, ya dawo a 1993. An ɗaura wa Spider-Man aure a 1987, a 2007 aka shafe auren kamar ba a taɓa yi ba.

Daga nan Eco ya shiga siyasa. Ga halitta mai ƙarfin da zai iya kawar da yunwa daga doron ƙasa ko ya tumɓuke kowane azzalumin shugaba, amma aikinsa bai wuce kama ɓarayin banki a garinsu da shirya taron tara sadaka ba. Sharri a wajensa shi ne taɓa dukiyar wani, alheri kuma shi ne kyauta. Eco ya haɗa wannan da matsalar farko: jarumin da ba a yarda labarinsa ya motsa ba, ba za a yarda ya motsa duniya ba. Gyara ɗaya da zan yi wa Eco shi ne Superman ɗin da ya karanta na bayan dokar tacewa ne. Na 1938 ba haka yake ba, ke nan wannan hali tarihi ne ya ɗora masa, ba da shi aka haife shi ba.

Robert Jewett da John Shelton Lawrence sun biyo ta wata hanya a littattafansu na 1977 da 2002. Sun kwatanta jarumin Amurka da tsarin da Joseph Campbell ya zana a 1949, inda jarumi kan bar gida, ya sha gwagwarmaya, ya dawo da wani alheri ya zauna cikin mutanensa. Suka ce na Amurka dabam ne: gari yana zaune lafiya, sai masifa ta faɗo, hukuma ta kasa, sai wani baƙo ya ɓullo ya yi maganin abin da ƙarfi, sannan ya ɓace. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bayajida. Shi ma baƙo ne, shi ma ya tarar da mutanen Daura a ƙuntace saboda macijin rijiyar Kusugu, ya kashe shi. Amma Bayajida bai ɓace ba. Ya auri Daurama, ya haihu, ya zama ɗan gari, zuriyarsa ta ɗauki nauyin mulki. Jarumin Amurka ba wanda ya zaɓe shi, ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda zai tuhume shi in ya yi kuskure. Abin da ya dami Jewett da Lawrence shi ne ƙasar da ke alfahari da dimokuraɗiyya tana renon ƴaƴanta da labaran da ke nuna cewa majalisa da kotu ba sa tsinana komai, sai mai ƙarfi ya zo. Mu da muka ga juyin mulki iri-iri a wannan yanki, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

Marubutan mujallun su ma sun ji wannan suka. Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, wanda ya fito daga 1986 zuwa 1987, ya ɗauki tambayar Eco da gaske: in da a ce akwai irin waɗannan mutane, yaya duniya za ta kasance? Amsarsa ba daɗi. Amurka ta ci yaƙin Biyetnam, Nixon ya zarce a kan mulki, kuma jarumin da ya yanke shawarar gyara duniya ya yi haka ne ta hanyar hallaka miliyoyin mutane.

7.0 Daga Takarda Zuwa Majigi

Tarihin fina-finan ba ya buƙatar dogon bayani. Superman na 1978 da Batman na 1989 sun nuna akwai kuɗi a harkar, amma Marvel ta faɗa fatara a 1996. Fina-finan Blade na 1998 da X-Men na 2000 da Spider-Man na 2002 suka buɗe sabon babi, fasahar kwamfuta ta sa abin da a da sai a zane ya yiwu a hoto. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4, kuma Avengers: Endgame na 2019 shi kaɗai ya tara kusan dala biliyan 2.8. A wannan shekara ne darakta Martin Scorsese ya kwatanta irin waɗannan fina-finai da wuraren wasan lilo, aka yi ta cece-kuce.

Masana da dama sun danganta wannan bunƙasa da harin 11 ga Satumban 2001. Fina-finai biyu na 2008 sun isa misali. A Iron Man an ɗauke labarin daga Biyetnam aka mayar da shi Afganistan, an kuma ɗauki wani sashe nasa a sansanin sojan saman Amurka da haɗin kan ma'aikatar tsaro. A The Dark Knight, Batman ya je Hong Kong ya sato wanda ake nema ba tare da izinin kowa ba, ya doki fursuna a ɗakin tambaya, ya kuma mayar da wayoyin salular mutanen gari duka na'urar leƙen asiri. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake zargin gwamnatin Bush da aikatawa a lokacin. Har yau ana gardama a kan ko fim ɗin yana wanke su ne ko yana tona musu asiri. Ni dai abin da na lura shi ne a ƙarshe dabarar ta yi aiki, an kama mai laifi, kuma ɗan kallo da abin da ya yi aiki yake komawa gida.

8.0 Hatsabibin Jarumi a Afirka

Ta hanyoyi biyu wannan jarumi ya iso mana a takarda. A ƙasashe renon Faransa ya biyo ta birnin Liyon, inda kamfanin Lug ya riƙa fassara labaran Marvel. Faransa tana da dokar 16 ga Yulin 1949 a kan littattafan yara, hukumar da ke kula da ita ta sa aka dakatar da mujallar Fantask a 1969 bayan fitowa 7 kacal, don haka da aka fara Strange a 1970 sai da aka riƙa goge wasu ɓangarorin zanen don a rage tsananin faɗa. Tsofaffin kwafen Strange da na Zembla da Akim su muka riƙa saye wajen masu kasa littattafai a ƙasa muna yara. Zembla da Akim kwaikwayon Tarzan ne, wato Bature sarkin dajin Afirka, kuma mun yi ta tafa musu ba tare da mun tambayi su wane ne mu a cikin labarin ba.

A ƙasashe renon Ingila kuwa an gwada ƙirƙiro baƙin jarumai. A 1975 aka fara buga Powerman domin kasuwar Nijeriya, amma Turawan Ingila ne suke rubutawa suna zanawa, cikinsu har da Dave Gibbons wanda daga baya ya zana Watchmen. A wannan shekara kuma Mighty Man ya fito a Afirka ta Kudu, baƙin jarumi mai yaƙar ɓarayi da ƴan daba a unguwannin baƙar fata, wanda bai taɓa ɗaga murya a kan mulkin wariya ba. Daga baya ta bayyana cewa da kuɗin gwamnatin wariyar ake buga shi a asirce. Da Eco ya nemi hujja, da bai sami wadda ta fi wannan ba.

Black Panther ya fara fitowa a Fantastic Four ta 52 a Yulin 1966, watanni kaɗan kafin a kafa jam'iyyar baƙar fata mai wannan suna a Oakland, kuma a 1972 Marvel ta ɗan canza masa suna don gudun a haɗa su. Fim ɗinsa na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci lambobin Oscar 3. Ba na raina farin cikin da ya jawo. Ganin ƙasar Afirka da ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba, wadda ta riƙe ma'adininta ta gina kanta da shi, abu ne mai sosa zuciya ga wanda ya san tarihin yuraniyom na Arlit, ko na Shinkolobwe a Kwango wanda ya shiga cikin bam ɗin Hiroshima. Sai dai masanin falsafa Christopher Lebron da wasu sun yi tambayoyin da suka dace. Wanda ya ce a yi amfani da arzikin Wakanda a ƴanto baƙar fatar duniya shi aka mayar bos, aka kashe shi. Wanda ya taimaki sarki kuwa jami'in CIA ne, hukumar da ta ƙulla makircin kashe Patrice Lumumba kafin wasu su riga ta a 1961. A ƙarshe sarki ya buɗe cibiyar taimako a wata unguwar talakawa a Oakland, wato dai sadakar nan da Eco ya ambata. Wani abin kuma, kusa da farkon fim ɗin an nuna dajin Sambisa, inda jarumi ya ceto matan da aka sace cikin ƴan mintoci. Ga mutanen yankin Tafkin Cadi, waɗanda har yau wasu ƴaƴansu ba su dawo ba tun satar Cibok ta 2014, wannan wuri yana da nauyin da masu fim ɗin ba su tsaya sun auna ba.

9.0 Wa Ke da Jarumin?

An saba cewa waɗannan labarai su ne tatsuniyoyin zamani, Richard Reynolds ma kusan haka ya sa wa littafinsa na 1992 suna. Akwai gaskiya a ciki: hannaye da yawa sun sarrafa su, kowane zamani da irin nasa Batman, kamar yadda kowace tsohuwa take da irin nata Gizo. Amma a nan kamar ta tsaya. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su, duk wadda ta ga dama ta ƙara, ta rage, ba mai kai ta kotu. Superman kuwa dukiyar kamfani ce. Siegel da Shuster sun kai ƙara a 1947 suna neman haƙƙinsu, ba su samu ba, aka sallame su, aka cire sunansu daga mujallar. Shuster ya ƙare yana aikin kai saƙo, idonsa yana mutuwa. Sai a 1975, ana shirin fim, da surutu ya yi yawa, kamfanin Warner ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, ya mayar da sunayensu. Magadan Jack Kirby ba su daidaita da Marvel ba sai 2014, shekaru 20 bayan rasuwarsa.

Wannan ne ya sa ƙoƙarin da ake yi a wajen Amurka ya cancanci nazari. Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fito da The 99 a 2006, jarumai masu baiwar da aka gina a kan kyawawan siffofi a Musulunci, ya sha suka daga masu ƙyamar Musulunci a Amurka da kuma wasu malamai a Saudiyya. A Legas an kafa Comic Republic a 2013, Roye Okupe kuma ya ƙirƙiro Malika, jaruma mai kama da Sarauniya Amina ta Zazzau. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya ɗaukar ma'aunin Coogan da tambayar Eco ya gwada su a kan waɗannan, ko a kan littattafan yaƙi na adabin kasuwar Kano, ya ga ko jarumin ya canza hali ko kuwa riga kawai ya canza. Shi kuwa Superman na 1938, mai tsalle da rushe gidajen haya, bisa dokar Amurka haƙƙin mallakarsa zai ƙare bayan shekaru 95, wato daga ranar 1 ga Janairun 2034 kowa yana iya ɗaukarsa ya ba da nasa labarin, Batman kuma ya biyo baya a 2035.